Keken lantarki: daina cika batir kullum, kuma kada ka bar shi a rana

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya canza wa kowa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. Wannan ne ya sa kekuna da ƙananan babura masu amfani da lantarki suka fara shigowa titunanmu, a hannun ma'aikata da ɗalibai da masu kai saƙo. Duk wanda ya je saye, tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa yake yi da caji ɗaya. Da wuya ka ji mai tambayar shekara nawa batirin zai yi kafin ya gaji, alhali ita ce tambayar da kuɗin mutum yake ciki.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: idan zuwa aiki da dawowa kake yi da kekenka, kuma batirinsa na litiyam ne, cika shi zuwa kashi 100 kowane dare asara ce. Ka ba shi abin da tafiyar gobe take buƙata, ka tsaya a wajen kashi 80 zuwa 90, kada ka bari ya sauka ƙasa da kashi 20, ka riƙa cika shi jefi-jefi saboda wani dalili da zan yi bayaninsa. A ƙasarmu kuma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wato zafi. Batirin da yake cike kuma yake cikin zafi shi ne wanda ya fi kowanne saurin tsufa.

Batirin shi ne manka, ka dai biya ne a gaba

Masu tallar keken lantarki suna son kwatanta kuɗin wuta da kuɗin mai, kuma gaskiya suke faɗa. Mu ɗauki batir mai 48V da 14Ah, wanda ake yawan samu a kekuna matsakaita. In ka ninka lambobin biyu za ka samu 672, wato abin da yake ɗauka bai kai yunit ɗaya na mitar gidanka ba. A ce tafiyarka kilomita 20 ce zuwa da dawowa, keken kuma yana cin wat-awa 15 a kowace kilomita. Ka ci 300 ke nan, ƙasa da rabin batirin. Ko da farashin naira 225 kan yunit da aka sanar wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024 aka yi maka lissafi, har da abin da caja take ɓatarwa, wutar yini ɗaya ba ta wuce naira 80 ba.

To ina sauran kuɗin? Yana cikin batirin. Shi ne sashen da ya fi komai tsada a jikin keken, kuma yana ƙarewa a hankali ko da ba a faɗi da shi ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa sabon batir naira dubu 300 ne. Idan ya yi maka kwana 600 na aiki, kullum naira 500 yake ci. Idan ka lallaɓa shi ya yi kwana 1,200, ya dawo 250. Ka ga kuɗin batir ya ninka kuɗin wuta sau uku zuwa shida. Mai babur na fetur yana jin zafin kuɗin mai kullum a gidan mai, shi ya sa yake tattali. Mai keken lantarki ba ya jin komai sai ranar da keken da yake kai shi ya dawo da shi ya fara tsaya masa a hanya, a lokacin kuma farashin dala ya riga ya sake ɗaga kuɗin sabon batir.

Inda muka gaji ɗabi'ar

Kusan kowa ya taɓa jin cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji kafin a kunna ta, kuma a bar batir ya mutu gaba ɗaya kafin a sake jona shi, wai don kada ya saba da rabin ciki. Wannan shawara tana da asali. Ta fito ne daga zamanin batiran nikel, waɗanda ake cewa suna riƙe wurin da aka saba tsayar da su. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba haka yake ba. Ba ya sabo da komai. Sauke shi zuwa sifili ma cutar da shi yake yi.

Akwai kuma masu tsoron cewa duk jonawa ɗaya tana cinye ɗaya daga cikin adadin cajin da aka ƙayyade wa batir. Idan kamfani ya ce batirinsa zai yi zagaye 500 ko 800, ba yawan jonawa yake ƙirgawa ba. Zagaye ɗaya shi ne ka ci abin da ya kai cikin batir ɗaya gaba ɗaya, ko a yini ɗaya ko a kwana uku. Ka ci rabi yau ka mayar, ka ci rabi gobe ka mayar, zagaye ɗaya ka yi. Ƙananan caji a tsakiya ma sun fi yi wa batir sauƙi a kan doguwar tafiya daga cike zuwa fanko.

Abin da yake faruwa a ciki

Batirin keke tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera, da yawansu irin waɗanda ake gani in an fasa tsohon batirin laftof. A irin litiyam ɗin da ya fi yawa a kekuna, kowace ƙwaya tana cika ne a 4.2V. Batir mai 36V jeri 10 ne, shi ya sa cajarsa take fitar da 42V. Mai 48V jeri 13 ne, cajarsa 54.6V. Duba bayan cajarka za ka ga lambar.

Lokacin caji, litiyam yana barin ɓangare ɗaya na ƙwayar ya shige cikin ɗayan. In an kai ƙarshen sama, ɓangaren da aka kwashe yana cikin matsi, ruwan sinadarin da ke tsakani kuma yana fara lalacewa a hankali, yana tara wani siririn ɓawo da yake kama litiyam ya hana shi komawa aiki. Litiyam ɗin da ya maƙale ya tafi ke nan, babu cajar da za ta dawo da shi. Wannan lalacewa tana tafiya ko kana hawa keken ko yana jingine, kuma abu biyu ne suke ƙara mata gudu: yawan cika da yawan zafi.

Ka tuna robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. In ana ja ana saki daidai wa daida takan daɗe. In aka ja ta iya ƙarfinta aka bar ta a ɗaure cikin rana, kwana kaɗan za ta fara tsattsagewa. Batirin da ya cika ƙarfe 11 na dare ya zauna a kan kashi 100 har ƙarfe 7 na safe ya yi awa takwas a ɗaure, kuma haka zai yi gobe da jibi. Wanda aka cika ranar Juma'a aka jingine sai Litinin ya fi shi shan wahala.

Ƙarshen ƙasa ma yana da nasa haɗarin. Ƙwayar da ta sauka ƙasa sosai tana iya lalacewa ta ciki, har ta zama abin tsoro a sake cajinta. Wanda ya dawo gida da batir a mace ya ajiye shi wata biyu, yana iya tarar da shi ya ƙi karɓar caji kwata-kwata, domin ko keke a kashe yake akwai 'yar wutar da take zurarewa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Apple ya sa wa iPhone tsarin jinkirta cika batir tun 2019, a iPhone 15 kuma ya ba da zaɓin tsayar da caji a kashi 80. Samsung ya daɗe da zaɓin tsayarwa a kashi 85. Lenovo da ASUS suna da irin wannan a laftof ɗinsu. Tesla yana ba masu yawancin motocinsa shawarar kada su cika batir don zirga-zirgar yau da kullum. Bosch, wanda yake ƙera injin kekunan lantarki da batiransu, yana cewa in za a ajiye batir ya daɗe a bar shi tsakanin kashi 30 da 60. Tun 2016 ma dokar jiragen sama ta hana a yi jigilar batiran litiyam zalla da caji sama da kashi 30, saboda batirin da yake cike ya fi muni in ya kama da wuta. Waɗannan duka ba su haɗa baki ba, sinadarin ne ya tilasta musu.

Kashi 100 lamba ce da wani ya zaɓa

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ne ɓangaren da na fi son mutane su gane. Babu wani ma'auni a cikin batir irin na tankin mai. Lambar da kake gani a allo ƙiyasi ne, wani ne ya zauna ya rubuta cewa in ƙarfin wuta ya kai kaza a nuna kaza. Kamfanin da yake son batirinsa ya daɗe yana iya tsayar da cajin a ƙasa da iyaka ya rubuta maka 100. Kamfanin da burinsa ya buga babbar lamba a jikin kwali zai tura ƙwayoyin har iyakarsu, tunda garantin da ya bayar zai ƙare kafin illar ta bayyana. Kekuna masu araha da suke shigo mana galibi suna cikin kashi na biyu.

Sandunan nan huɗu ko biyar da suke kan allon keke kuwa sun fi komai yaudara. Ƙarfin wuta kawai suke aunawa, shi ya sa in ka murɗa hannu a kan gada sai sanda biyu su ɓace, in ka tsaya su dawo. Idan allonka yana iya nuna lambar V, koma kanta. Idan ba ya nunawa, mitar nan ta masu gyaran waya da rediyo ta ishe ka, in ka iya amfani da ita ba tare da haɗa bakin wayoyin biyu ba. A batir mai jeri 13, bayan an cire caja ya huta kamar rabin awa, 54.6 cike ne, wajen 53.3 kusan kashi 90, wajen 52 kusan kashi 80, in ya kusanci 46 kuma lokacin caji ya yi. A mai jeri 10, lambobin su ne 42 da 41 da 40, sai wajen 35 a ƙasa. Ba daidai suke cif ba, domin ƙwayoyi sun bambanta, amma sun fi sanduna gaskiya nesa ba kusa ba.

Zafi ya fi komai

Yawancin shawarwarin da ake rubutawa kan batirin keke daga ƙasashen sanyi suke fitowa, inda damuwarsu ita ce kada a caja batir yana daskare. Mu ko a tsakiyar hunturu ba mu da wannan matsala. Tamu ita ce watan Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suke haura digiri 40 a inuwa, Kano ma ba ta yi musu nisa ba. Yawancin batiran litiyam ana son a caje su ne a ƙasa da digiri 45. Baƙin akwatin batir da ya yi awa shida a rana a bakin ofis ya wuce wannan tuni. Ɗakin kwano da azahar ma ba shi da maraba da tanda.

Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suka saba da shi, cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Ke nan batirin da zai yi shekara biyar a Jamus ba zai yi su a Gusau ba ko da an yi masa kulawa iri ɗaya. Shi ya sa nake ganin mutumin da yake cika batirinsa kullum amma yake ajiye shi a inuwa yana iya fin wanda yake tsayawa a kashi 80 amma kekensa yake yini a rana. Wanda ya haɗa biyun shi ne ya ci riba.

Abin yi ba shi da wuya. In batirin yana cirewa, cire shi ka shiga da shi ofis ko shago. In ba ya cirewa, nemi bishiya ko rumfa, ko ka yafa masa kwali. In ka dawo daga tafiya kada ka jona shi nan take, bar shi ya huce rabin awa zuwa awa ɗaya, domin caji ma zafi yake ƙarawa. Ajiye shi da cajar a kan siminti inda iska take ratsawa. Masu sola a gida ko a shago su yi cajin da hantsi, kafin ɗaki ya ɗauki zafi. Kada kuma a sa shi a firiji ko a jiƙa masa tsumma, danshi wata matsalar ce ta daban.

"Ai babu wuta"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma ba zan raina ta ba. Wanda yake unguwar da ake kawo wuta awa uku a yi kwana biyu ba a gan ta ba, in ka ce masa ya tsaya a kashi 80 dariya zai yi maka. Yana da gaskiya. Batirin da ya mutu a hanya har aka ƙarasa matse shi ya fi shan illa a kan wanda aka cika, ban da turin keke mai nauyi a rana. In ba ka san yaushe wuta za ta dawo ba, cika abinka.

Amma a lura, matsalar ba taɓa kashi 100 ba ce, zama a kansa ne. Wanda ya cika da asuba ya hau ƙarfe bakwai bai yi wa batirinsa wani babban laifi ba, minti ashirin na tafiya sun sauke shi daga wurin matsi. Saboda haka ko a unguwar da wuta take wahala akwai abin da ya rage a hannunka. Kada ka cika ranar da ka san gobe ba fita za ka yi ba. Kada ka bar caja a jone kwana da kwanaki don kawai kana jiran wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi takan ƙone caja. In kuma wurin aikinka akwai wuta ko sola, awa ɗaya ko biyu a can ta fi maka cikawar dare.

Akwai kuma mai cewa, na biya kuɗin kilomita 45, don me zan yi amfani da 27? Amsa ita ce ba a hana ka ba. Ranar da za ka yi nisa, ko za ka zaga gari kai saƙo tun safe har dare, cika shi, don haka aka yi shi. Mai sana'ar kai kaya da yake cinye batir ɗaya ko biyu a yini ba shi nake wa magana ba, shi batirinsa ba ya samun damar zama a cike ma. Maganata da mai tafiyar da ba ta cin rabin batir ce. Shi wannan yana ɗaukar kashi 20 na sama kullum ya je ya dawo da shi bai taɓa ba, kuma wannan kashin da bai amfana da shi ba shi ne yake tsufar masa da batir.

Na uku shi ne mai cewa ai ko me ka yi batir zai mutu. Haka ne. Taya ma tana ƙarewa, amma ba wanda yake yawo da ita babu iska saboda haka. Gwaje-gwajen da ake yi a kan ƙwayoyi sun sha nuna cewa rage iyakar caji kaɗan yana ƙara yawan zagayen da suke yi sosai, wani lokaci har ninki. A kan titi mai ramuka da zafi ba lallai a samu ninki ba, amma ko shekara ɗaya ka ƙara, kuɗi ne masu yawa a kan abin da bai ci maka ko sisi ba.

Wurare uku da dokar take canzawa

Na farko, dole a riƙa cikawa lokaci zuwa lokaci. A cikin kowane batirin litiyam akwai wani ƙaramin allo da ake kira BMS, shi ne mai gadin ƙwayoyin. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne daidaita jerin, domin a hankali wani jeri yakan ɗan wuce wani. A yawancin batira masu araha wannan daidaitawa ba ta farawa sai an kusa cika. In ba ka taɓa cikawa ba, tazarar za ta yi ta ƙaruwa, har wata rana keke ya ɗauke alhali allo yana nuna saura, saboda jeri ɗaya ya riga sauran ƙarewa. Don haka sau ɗaya a sati biyu, ko aƙalla a wata, bar shi ya cika, fitilar caja ta koma kore, ka ƙara masa kamar awa ɗaya kana kusa, sannan ka hau shi a ranar.

Na biyu, akwai nau'in litiyam da ake rubuta wa LFP ko LiFePO4, wanda masu sola suka sani sosai yanzu, kuma yana zuwa a wasu babura da masu ƙafa uku. Ƙwayarsa tana cika a 3.65V, yana jure zafi, yana yin zagaye dubbai, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Ƙarfin wutarsa kusan a miƙe yake daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa lissafin V da na kawo ba ya aiki a kansa, manhajar da take ƙiyasin kashinsa ma takan rikice in an daɗe ba a cika shi ba. Tesla kansa yana gaya wa masu motocin da suke da irin wannan batir su cika shi aƙalla sau ɗaya a sati. Mai LFP ya cika abinsa ba tare da fargaba ba, sai dai kada ya jingine shi a cike na tsawon makonni.

Na uku, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a kasuwarmu: ƙananan babura da yawa masu araha ba litiyam ne a cikinsu ba, batirin dalma ne irin na mota da na inbata, guda huɗu ko biyar ko shida masu 12V a jere a ƙarƙashin kujera ko wurin sa ƙafa. Nauyinsu kaɗai ya isa ya gaya maka. Wannan dokarsa akasin duk abin da na faɗa ce. Yana son a cika shi bayan kowace tafiya, in aka bar shi a rabi farantansa sukan yi wani farin ɓawo ya daina ɗaukar caji, kuma ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi. Wanda ya karanta shawarar kashi 80 ya ɗora ta a kan batirin dalma zai kashe shi da wuri. Kafin komai, san irin batirin da kake da shi.

Yadda ake tsayawa a kashi 80 da caja marar wayo

Yawancin cajojin da suke zuwa da keke ba su da maɓallin zaɓi, amma lissafinsu mai sauƙi ne. Caja mai 2A tana zuba 2Ah a awa. A batir mai 14Ah, kusan kashi 14 ke nan kowace awa. In ka dawo da kashi 40 kana son 80, awa uku ba kaɗan ta isa. Sa ƙararrawa a waya, ko ka sayi soket mai agogo wanda yake yanke wuta da kansa. In wutarku mai zuwa da ɗaukewa ce agogon ba zai yi daidai ba, sai ka dogara da lambar V. Wani abin daɗi kuma, daga wajen kashi 80 zuwa sama caja tana rage gudu da kanta, shi ya sa ƙarshen caji yake jan lokaci. Ga mai cajin janareto ko mai biyan kuɗi a shagon caji, wannan awar ta ƙarshe ita ce mafi tsada kuma mafi ƙarancin amfani.

In za ka yi tafiya ka bar keken sati biyu ko fiye, bar batirin a wajen rabi, cire shi daga jikin keken, ajiye shi a ɗaki mafi sanyi a gidan, a riƙa duba shi duk wata ɗaya ko biyu.

Maganar gobara

Tattalin batir da tsaron rai hanyarsu ɗaya. A birnin New York na Amurka, gobarar batiran litiyam, yawancinsu na kekuna da makamantansu, ta kashe mutum 18 a 2023 kaɗai, abin da ya zo daidai da shekarar da birnin ya hana sayar da waɗanda ba su da shaidar gwajin inganci. Wutar litiyam tana tashi cikin daƙiƙu, hayaƙinta guba ne, kuma bokitin ruwa ba ya kashe ta cikin sauƙi.

A gidajenmu keke a zaure ko a bakin ƙofa yake kwana, wato daidai hanyar fita tilo. Kada a yi caji a nan mutane suna barci. Kada a ɗora batir a kan katifa ko kusa da jarkar fetur ɗin janareto. Kada a ari caja don kawai bakinta ya shiga: mai 54.6V da mai 58.8V suna iya zuwa da baki iri ɗaya, kuma ta biyun za ta tura batir mai jeri 13 ya wuce iyakarsa in mai gadin cikinsa bai yi aiki ba. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, ko ya sha ruwa a damina, ko ya faɗi ƙasa da ƙarfi, a fitar da shi fili a daina jona shi. A yi hattara kuma da batiran da ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin laftof ana sayarwa a rabin kuɗi. Araha ba ta ado.

Ga masu shigo da kaya

Bai kamata a ce mai keke sai ya koyi lissafin V ya sa ƙararrawa kafin ya kare dukiyarsa ba. Cajoji masu maɓallin 80 da 90 da 100 suna nan a kasuwar duniya, a kekunan da suke da manhajar waya kuwa ƙara wannan zaɓi ba wani babban aiki ba ne ga mai rubuta ta. Masu shigo da kekuna su nemi irin waɗannan daga masana'antun da suke hulɗa da su. Su rubuta nau'in batir ɓaro-ɓaro a jikin keke, su ba da takarda guda ta bayanin kulawa da Hausa, su daina gaya wa mai saye ya caja awa takwas ya bari ya mutu. Amfanin kansu ne, domin a nan labarin kaya daga baki zuwa baki yake tafiya, kuma mutum ɗaya da batirinsa ya mutu a wata goma ya isa ya hana majalisa guda saye.

Kafin su yi, mai saye ya riƙa tambaya uku a shago: wane irin batir ne, wata nawa ne garantinsa a rubuce, kuma nawa ne sabo in wannan ya gaji. Mai shagon da ya kasa amsa su, a gwada na gaba.